Kwamfutar Ɗakin Awo a Tungar Giginya

Tungar Giginya, ta Bagudo
Tsakiyar bazara

Zuwa ga Yaya Albashir, a Paraku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Asma'u da yara, da gyaran kwamfutocin nan da ya riƙe ka a ƙasar Benin har muka fara manta kamanninka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mahaifinka, Kawu Abbas, yana gaishe ka. Gwiwar nan tasa ta sake tashi, amma kullum in na taso daga aiki nakan biya in shafa masa man zafi in ɗaure, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Inna Jummai ta ce busasshen kifin da Kanta direba zai ba ka na jikokinta ne, ba naka ba.

Ka san wayar garin nan. Sai mutum ya hau tudun makaranta, nan ma iska ta kwashe rabin magana. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda Kanta bai fasa ɗaukar albasa daga kasuwar Lolo zuwa wajenku ba.

Shekarun baya wata ƙungiya ta kawo wa ɗakin shan maganinmu kwamfutar tebur, babba, baƙa, tare da abin da ake ɗorawa a cikin mace a ga jariri a allo. Suka koya mini aiki da ita, suka kafa sola, suka tafi. Lambar da suka bari ta daɗe da daina shiga. Tun daga Kurgu har rugagen bakin kogi mata ke tahowa awo saboda ita. To, tun da zafin bana ya kama, sai ta riƙa gurnani kamar injin niƙa, can kuma ta mutu ɗif. Da safe takan ɗan jure. Da rana ko mace ɗaya ba na gamawa. In ka dafa gefenta, sai ka ce murfin tukunya. Na kai kuka inda ya kamata, an ce in yi haƙuri.

Da haƙurin zan yi, ba don Fatimata ba. Matar wani Bafulatani ce, Manu, da rugarsu ke bayan fadama. Wannan ne cikinta na uku, kuma na bayan nan biyu ba ta ɗauki ko ɗaya da rai ba. Cikin ya tsufa, ta fara ganin jini ba tare da ciwo ba. Ina zargin mabiyiya ce ta zauna a bakin mahaifa ta tare hanya. In haka ne kuwa, ranar da naƙuda ta same ta a ruga, ita da ɗan duka za a rasa. Sai dai a yi mata aiki a babban asibiti.

Na zaunar da Manu na gaya masa. Ya ce, "Malama, mi kika gani?"

Na ce, "Ban gani ba tukuna, alamu ne."

Ya ce, "Ba ni kai matata a yanka ta bisa alamu. Uwata bayan garke ta haife mu duka. An ce kina da madubin da ke nuna cikin ciki. Nuna mani. In na gani da idona, na yarda."

Ba mugu ba ne, Yaya. Tsoro yake ji, kuma yana da gaskiyarsa. Ga shi da zarar ruwa ya sauka fadama ta cika, za su tashi da shanu su yi nisa.

Na san ba za ka iya tahowa ba, don haka ka koya mini. Hannun da ke tarbar jariri, kwance sukuru ba zai gagare shi ba.

Taubashiyarka,
Rabi'atu

*

Paraku, Jamhuriyar Benin

Zuwa ga ƙanwata, Ungozoma Rabi'atu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Kifi ma ya iso, kuma ki gaya wa Inna na ɗanɗana wa jikokinta ne kawai don in tabbatar gishirin ya ji. Asma'u da yara suna gaishe ku. Allah ya saka miki da alheri kan gwiwar Baba. Abin da ya kamata in yi ne kike yi.

Da so samu ne da na biyo Kanta. Amma maigidana ya tafi Kwatano, ya bar ni da shago da kwamfutocin wata makaranta da za a yi jarrabawa da su. Ko Juma'a da gudu nake zuwa.

Ki kwantar da hankalinki. Kwamfutarki ba mutuwa take yi ba, gudun mutuwa take yi. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana, muna ce masa furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. In ya yi zafi ya wuce kima, sai ta kashe kanta kafin ya ƙone. Na tabbata tun da aka kawo ta ba wanda ya taɓa leƙa cikinta.

Ki zaɓi safiya mai haske. Ki kashe ta, ki zare duk wayoyin bayanta, amma kafin nan ki manna wa kowace filasta ki yi alama don ki gane raminta. Ki danna madannin kunnawa ki riƙe kaɗan, sauran wutar da ta maƙale ta fita. Sannan ki kwantar da ita a tebur, ki kwance sukurorin baya, ki ja murfin gefe. Kafin ki taɓa komai a ciki, ki dafa ƙarfen jikin akwatin da tafin hannu. Jikin mutum yana tara wata 'yar wuta, irin wadda ke tartsatsi in kin tuɓe mayafin roba, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe kayan ciki.

Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki. Ki ari famfon keke, ki nemi sabon buroshin fenti mai laushi. In za ki hura wa fanka iska, ki tare ta da yatsa kada ta riƙa juyawa.

Ƙarƙashin babbar fankar tsakiya za ki ga wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi. Shi ke zuƙe zafin furosesa. Ki sassauta sukurorinsa kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke kallonta, ki ɗan murɗa shi a hankali ki ɗaga. Tsakaninsu za ki ga tsohon man zafi ya bushe kamar ƙanzo. Ki goge da auduga da sifirit ɗinku na asibiti har fuskokin biyu su yi ƙyalli. Da zarar kin sami man zafin, ki ɗiga kamar ƙwayar shinkafa a tsakiya, ki mayar da ƙarfen ki ɗaure. Na zana miki komai a bayan takarda. Kada ki yi wa zanena dariya.

In kin gama, ki ɗaga ta daga ƙasa, ki raba ta da bango. Kuma ki faɗa mini gaskiya: ba kya lulluɓe ta da zane tana aiki? Na san halinku da son ado.

Kanta yana ta danna oda a waje. Ki ci gaba da lallashin Manu, kada ki jira gyara kaɗai.

Yayanki,
Albashir

*

Tungar Giginya
Ƙarshen bazara

Yaya Albashir,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kawu da Inna lafiya lau. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, manoma suna ta gyaran garma.

E, ina lulluɓe ta. Zane ne mai kyau da na yi wa ado da hannuna. Na cire, kada ka ƙara tambaya.

Na buɗe ta kamar yadda ka ce, kuma da ka ga abin da na gani da ka riƙe baki. Ka san injin casar shinkafa yana bayan tagarmu. Ƙaiƙayi ya shiga ya daskare a haƙoran ƙarfen nan kamar gashin tunkiya, da yatsa na riƙa ɓamɓaro shi. Zanzaro kuma ya gina gidansa na laka a jikin fankar baya, ya riƙe ta gam, ko motsi ba ta yi. Har busasshiyar tsaka na fitar. Na share, na hure, na goge fuskar furosesa har ina ganin idona a ciki.

Man zafi kuwa ba sai na nema ba, tunda kullum yana jakata saboda Kawu. Na ɗan yi mamaki, amma na ce mai sana'a ya fi ni sanin abinsa. Na lakata kamar ƙwayar shinkafa na shafa, na mayar da komai.

Da na kunna, Yaya, shiru! Ba gurnani, ba komai, sai 'yar iska mai daɗi. Na duba mata biyu lafiya. Ɗakin dai ya ɗauki ƙamshin man, har wata ta ce hancinta ya buɗe. Ban tsaya wata-wata ba na aika ruga.

Bayan azahar suka iso. Manu ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya tsaya bayana. Fatimata ta kwanta, na ɗora abin a cikinta, hoto ya fara fitowa. Na ce, "Ka ga wannan zagayen? Kan ɗanka ne." Ya matso. Ina gangarawa wajen da nake nema, fanka ta ɗauki ihu, allo ya yi baƙi.

Na bari ta huce na sake kunnawa. Ba hoto. Sai wani kuka take yi, ƙit-ƙit-ƙit, ta yi shiru, ta sake. Ban taɓa jin ta yi haka ba.

Manu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Malama, madubinki ya makance. Allah shi ba shi lahiya." Fatimata tana gyara zane ta kama hannuna ta ce a hankali, "Ni na yarda da ke. Amma ƙafata ba hannuna take ba."

Na bi su har bakin fadama ina magana, bai juyo ba.

Ban san abin da na ɓata ba. Ko na ɗaure sukurori da yawa ne, ko man ya yi kaɗan? Ka faɗa mini ko mene ne, ba na jin kunyar a gyara mini. Na ba Fatimata maganin ƙarin jini, na roƙi surukarta ta hana ta ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwa. Iyakar abin da na iya ke nan a yanzu. Ka amsa da wuri.

Rabi'atu

*

Paraku

Rabi,

Salam, a tsaye nake rubutu. Muna lafiya. Ban ga amsarki ba tukuna, na san tana hanya. Ga man zafin da za ki ɗiga wa furosesa, a cikin 'yar sirinjin nan mai ruwan toka. Ran nan ya ƙare mana a shago, sai yau na samo.

Na manta ban gargaɗe ki ba. Akwai wani akwatin ƙarfe a kusurwa, inda babbar wayar wuta ke shiga. Ki hure shi ta waje kawai. Buɗe shi ba aikinki ba ne, yana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an zare shi. In ma shi ne ya lalace, ki bar shi haka sai na zo.

A gaida Baba da Inna.

Albashir

*

Tungar Giginya
Farkon damina

Albashir,

Salamu alaikum. Kawu da Inna suna lafiya. Ruwa ya sauka da ƙarfi, hanyar Lolo ta yanke a wurin kwalbati. Kanta ya daɗe bai zo ba, an ce motarsa ta kafe a laka wajen iyaka. Kullum ranar kasuwa sai na aika a duba, a dawo hannu rabbana.

Jiya wani mai kwale-kwale ya miƙo mini ƙunshinka. Ruwa ya shige shi, tawada ta narke. Na shanya takardar a rana, na ɗaga ta na juya, ga abin da ya rage a cikinta: "ba aikinki ba ne," sai can ƙasa, "ki bar shi haka sai na zo."

To, na gode. Na rubuto maka cewa na ji kunya a gaban mijin mace, na roƙe ka ka nuna mini kuskurena, amsar da na samu ke nan bayan duk wannan jira. Yaushe za ka zo? Da Sallah babba? Cikin Fatimata bai san Sallah ba. Da ma tun farko ka ce ba aikina ba ne, da ban ɓata maka takarda ba. Wasan taubasantaka daban, wannan daban.

Sirinjin dai ta tsira, kuma da na matso abin da ke ciki na gane. Wannan ne man zafinka. Ni kuma na shafa wa kwamfutar ɗakin awo man gwiwar Kawu. Na zauna na yi dariya ni kaɗai har hawaye, daga nan hawayen suka ƙi tsayawa. Wa ya taɓa ce wa wannan abu mai kama da tokar murhu man zafi? Ka je kowane kanti daga nan har Birnin Kebbi ka ce a ba ka man zafi, ka ga abin da za a miƙo maka.

Ban bar shi haka ba, kuma ba zan bari ba. Yau da safe na sake buɗe ta. Man nawa ya narke ya tsere, fuskar furosesa ta bushe ƙayau. Na wanke da sifirit, na ɗiga naka, na ɗaure. Fankoki suna juyawa sumul. Amma allo yana nan baƙi, kukan nan ƙit-ƙit-ƙit bai daina ba.

Fadama ta fara cika. Na je ruga da ƙafa, ruwa har gwiwa. Sun fara kwance bukkoki. Fatimata ta sake ganin jini, idonta ya yi fari. Na ce wa Manu ya ba ni zuwa kasuwar Lolo ta sama. Ya daɗe yana kallon shanunsa, ƙudaje sun dame su, sannan ya ce, "Zuwa kasuwa ta sama. Daga nan ba ni da iko, Malama, dabbobi za su fara faɗuwa."

In za ka taimaka, ka faɗa mini ma'anar kukan. In ba za ka taimaka ba, zan bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya har in gano.

Rabi'atu

*

Paraku

Ƙanwata Rabi'atu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, sai dai ni tun da na karanta takardunki abinci bai yi mini daɗi ba. Duka biyun tare suka zo, ta man zafi da ta fushi. Wannan amsar na ba wani ɗan Dendi mai babur da zai kwana Malanbil ta bakin kogi, ya yi alkawarin sa ta a jirgin da ke gangarowa Lolo. Na naɗe ta cikin leda har biyu.

Wallahi, Rabi, lokacin da na rubuta 'yar takardar nan ban ma san kin buɗe kwamfutar ba. Ba amsa ba ce. Gargaɗi ne kan akwatin ƙarfen da ke kusurwa, inda babbar wayar wuta ke shiga. Shi na ce buɗe shi ba aikinki ba ne, don yana kisa. Ko ni sai dole nake buɗe shi. Ina fata ba ki taɓa shi ba. Sauran duka aikinki ne, kuma kin yi shi da kyau. Na ga masu shago da suka karya ƙafafun furosesa a buɗewar farko.

Maganar mai kuwa laifina ne. Mu nan da Faransanci muke kiransa, na rasa Hausarsa na ƙirƙira, kuma ban ce miki zan aiko ba. Na karanta wa Asma'u, ta ce da ita ce ma abin da za ta shafa ke nan. Ban yi dariya ba sai da na gama jin haushin kaina. Bayan nan kam na yi, ki yafe mini.

Yanzu ga kukan. Albishir ne. Kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ta ƙone ba ta kuka. Wannan tana raye, tana gaya miki ta nemi wani abu a jikinta ba ta same shi ba. Mafi yawa ram ne. Su ne sandunan nan sirara da ke tsaye a jere kusa da babbar fanka. Kowace tana da 'yan maƙullai a kai da gindi. Ki danna su waje, sandar za ta ɗago da kanta. Ki riƙe ta ta gefe. Ƙasanta akwai haƙora masu ruwan zinariya, ki goge su da magogin fensir mai tsabta, ki kaɗe garin da buroshi. In za ki mayar, ki duba tsagar da ke tsakiya ta dace da ta ramin, ki danna da manyan yatsu har ki ji ƙwas. Ki gwada da sanda ɗaya tukuna. In ta ƙi, ki canza wata.

In duk kin yi ta ƙi, to daga nan ba na gani, ke ce mai ido a wurin. Ki dafa ƙarfe, ki duba a natse, ki yi amfani da hankalinki.

Na roƙi maigidana ta waya ya sake ni ko na kwana biyu, ya ce sai an gama jarrabawa. Na yi ta juyi. Allah ya tsare Fatimata, ya ba ki sa'a.

Yayanki da bai taɓa raina ki ba,
Albashir

*

Tungar Giginya
Tsakiyar damina

Yaya Albashir,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Asma'u da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Kawu da Inna suna gaishe ku. Shinkafa ta yi kore shar, kogi ya kawo har gindin giginyun bayan gari. Ka yi haƙuri da daɗewar shiruna, sai yanzu na sami zama. Fushi kuma ya wuce, ni ma ka yafe kalamaina.

Takardarka ta iso ana jajibirin kasuwar da Manu ya ɗiba mini. Na yi wa ram duk abin da ka ce. Na goge, na mayar, na gwada ɗaya-ɗaya. Kuka bai fasa ba. Na zauna na zuba mata ido, na ce wa kaina, Rabi, man nan da ya narke, ina ya tafi? A tebur kwance nake duba ta, amma ranar da ta mutu tsaye take. Mai in ya narke ƙasa yake gangara. Na tayar da ita tsaye, na haska tocila daga furosesa na bi ƙasa. Sai ga wani siririn sawu yana ƙyalli, ya sauka har kan wani faffaɗan kati mai tasa fankar, wanda wayar allo ke shiga bayansa. Ba ka ba ni labarinsa ba, amma na ga shi ma maƙulli gare shi da sukuru ɗaya. Na yi bismilla na cire. Haƙoransa sun yi danƙo, man ya haɗu da garin ƙaiƙayi ya zama kamar ƙuli. Na wanke da sifirit, na share ramin da bakin buroshi, na jira ya bushe sarai, na mayar har na ji ƙwas.

Na danna madanni. Ƙit, sau ɗaya tak. Allo ya kawo.

Ban yi guɗa ba. Na bar ta a kunne tun hantsi har la'asar ina aiki da ita, ina dafa gefenta. Sanyi ƙalau. Ba zan sake kiran mutum in kunyata ba.

Washegari da sassafe na ɗauki mai kwale-kwale muka nufi ruga. Mun tarar an ɗora kaya kan jakuna, shanu sun fara gaba. Fatimata tana zaune kan turmi, ba ta ko iya miƙewa da kanta. Manu ya ce, "Malama, kin makara." Na ce, "Rana ba ta faɗi ba, kasuwa ba ta watse ba. Kai ka yi alkawari, ni ban roƙe ka sabo ba." Surukarta ce ta raba gardamar. Ta ce masa da Fillanci ya bi mu, ƙannensa su kora shanun.

A ɗakin awo na zaunar da shi a kujerata. Na nuna masa kai, na nuna masa zuciya tana bugawa fat-fat-fat. Ya cire malafarsa. Sannan na gangara, ga mabiyiya nan kwance ta rufe bakin mahaifa ruf, kamar faifai a bakin ƙwarya. Na ce, "Ga ɗanka, ga ƙofa, ga abin da ya tare ta. In ya taso fita, wannan zai fara yagewa, kuma jinin Fatimata ne a ciki."

Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya taɓa allon, wurin zuciyar. Ya ce, "Na ga irin haka ga saniya. Ba ta tashi ba." Sai ya miƙe ya ce, "Ina jirgin?"

A ranar muka tsallaka da ita zuwa bakin kwalta, muka sami mota har babban asibiti. Likita ya sake dubawa ya ce haka ne, ya kwantar da ita. Ba a yi mako biyu ba jini ya ɓalle mata da rana tsaka, tana kan gadon asibiti, aka shiga da ita nan take. Manu ya ba da jininsa, ɗan'uwansa ma ya bayar. An ciro ɗiya mace, 'yar ƙarama, amma muryarta ta cika ɗaki. Fatimata ta sha wuya ƙwarai, har yanzu ba ta da ƙarfi, kuma likita ya ce ta huta shekaru kafin wani cikin. Amma jiya da na je tana zaune tana ba da nono, har ta tambaye ni ko an ga 'yar maraƙarta.

Kwamfuta tana kan benci yanzu, nesa da bango. Na sa kafinta ya buga wa tagar baya raga. Duk farkon wata zan buɗe in hure ta.

Ga saƙo. Fankar bayan nan da zanzaro ya riƙe tana ɗan karkarwa, ka aiko da sabuwa, na auna faɗinta da zare na sa a cikin ambulan. Ka haɗo da sirinji biyu na man nan, da sukundireba mai kyau, don na aron ya koma wurin mai shi. A asibiti na haɗu da Mansura, ungozomar wani ƙauye bayan Sharabi. Ta ce su ma an kai musu irin tamu, ta mutu tun bara, suna ɗora tulun ruwa a kanta. Matansu sai dai su hau babur su taho nan da tsohon ciki. Na ce ta sauke tulun, ta ari famfon keke. Ranar Asabar zan je.

Ƙanwarka,
Rabi'atu